Shekarar da Innarku Ta Kira Ni da Sunana

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya san abin da ke cikinsa tun ban ɗauki biro ba.

Lawal, Binta, da ku ƙannensu, ku karanta wannan a zaune. Ranar addu'ar bakwai ɗin Innarku ina cikin zaure ina jin masu gaisuwa suna cewa Malam Sule ya yi haƙuri, ya riƙe iyalinsa cikin ciwo har Mai abu ya karɓi abinsa. Na sunkuyar da kai ina ta amsa amin. Sun ɗauka kawaicin wanda ake yabo ne. Ni kuwa na san rigar wani ake sa mani, mai rigar kuma tana cikin gida tana wanke kwanonin baƙi, babban wanta ko kallonta ba ya yi. Karatuna bai yi nisa ba, aji huɗu ne na firamare da abin da ya sawwaƙa na allo, sauran rayuwata a bakin buhu na yi ta a kasuwar Dutsin-Ma, ina awon gero da dawa da masara. Don haka kada ku nemi gwaninta a rubutun nan. Labarin shekara guda zan ba ku, shekarar da Binta ta ɗauke mahaifiyarku ta kai ta gidanta a Kurfi, domin abin da na gaya maku a wancan lokaci ba shi ne gaskiya ba.

Kun san Innarku ɗiyar kawuna ce na Birchi, ƙanen mahaifiyata. Abin da ba ku sani ba shi ne irin bakin da take da shi tana yarinya. Mu taubasai ne, wasa tsakaninmu halal ne, ita kuwa ta riƙe wasan nan kamar gadon gidansu. Duk sanda aka aike ni Birchi, tun daga bakin rijiya za ta hango ni ta ɗaga murya, wai ga Sule bawanta ya iso, a ba shi guga. Ta ce kunnuwana kamar faifai, ta ce tafiyata ta zabo ce. In na kai mata duka ta ruga bayan kakarmu tana mani gwalo. Amma daga ranar da aka kai ta ɗakina sai ta ɗauke sunan nan ta adana. Shekara arba'in da 'yan kai ban ƙara jin shi a bakinta ba. Malam take ce mani. Ko wani Sulen ne ya faɗo cikin zance, sai ta ce mai sunan Malam. Kai ma Lawal, da yake kai ne ɗan fari, yaron nan take ce maka har furfura ta fito maka a gemu. Ni kuma Ta Birchi nake kiranta. Na saba da wannan girma har na manta kyauta ce take ba ni kowace safiya. Na ɗauka nawa ne, kamar hular kaina.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta nemi carbinta wuni guda, a same shi cikin kwandon barkono. Ta tambayi Binta ta waya ko ta sauka lafiya, alhali ita ce ta yi mata zaman jego watanni da suka wuce. Muna dariya muna cewa tsufa ne, ita ma tana dariya tana cewa kanta ya zama rariya. Ana haka har wata Juma'a a farkon damina. An sauko masallaci, abokan kasuwa uku suna zaurena muna cin abinci, cikinsu da Alhaji Mamman wanda rumfarsa ke jikin tawa. Sai asabarin ƙofar cikin gida ya ɗaga, Innarku ta leƙo, babu mayafi, ɗankwali a karkace, fuskarta cike da wata murna da na daɗe ban gani ba.

"Kai Sule! Ashe nan ka ɓuya? Tashi ka ɗebo mani ruwa, bawan banza, ka zauna kana ta zuba loma kamar baƙo."

Abokaina suka dubi juna. Ɗaya ya ƙware da ruwa. Alhaji Mamman ya duƙar da kai yana ta gyaran lomar da ba ta buƙatar gyara. Ni kuwa na ji kamar an fizge mani hula a tsakiyar kasuwa. Na tashi na ja ta da hannu har tsakar gida, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu.

"Ni kike kira da suna a gaban mutane? Haukacewa kika yi?"

Ta dube ni, murmushin bai gama barin fuskarta ba, kamar mai jiran in rama wasa. Da ta ga babu wasa a idona sai murmushin ya ɓace.

"Me na yi, Malam?"

Ba ta ma san ta faɗa ba. Sai daga baya na gane cewa ƙwaƙwalwarta ce ta ɓatar da ita ta mayar da ita bakin rijiyar Birchi, ta hango ɗan gwaggonta ta yi murna. Abin da ya fito daga bakinta ƙauna ce ta tun farin farko. Ni kuwa na kira shi raini.

Washegari a kasuwa Alhaji Mamman ya ja ni gefe, da kyakkyawar niyya, ya ce kakarsa ta yi irin wannan, wai dabarar ita ce kada a bar ƙwaƙwalwar ta kwanta, a riƙa tasa ta da tambaya kamar yadda malami ke sa ɗalibi tilawa. Maganar ta shige ni don ta dace da halina. Kun san ni, abu in bai cika daidai bakin tiya ba hankalina ba ya kwanciya. Sai na buɗe wa Innarku makaranta. Kowace safiya in na dawo masallaci, tun ba ta sha koko ba, in jawo kujera in dasa a gabanta.

"Wane ne ni?"

"Malam ne."

"Yau wace rana ce?"

"Talata. Ko Laraba."

"Guda ɗaya za ki faɗa. 'Ya'yanki nawa? Jero mani su."

In ta ci in yi shiru, in ta faɗi in ɗaga murya in sake tambaya, ita kuma tana murza gefen zanenta tana neman amsar a fuskata. Wata safiya ta jero ku har da Aminu, ɗan'uwanku da ya rasu yana goye. Na ce mata Aminu ya mutu tun kafin a haifi Binta. Ta ɗora hannu a ka ta yi kuka irin na wadda yanzu aka kawo wa labari, ni kuma ina zaune ina gaya wa kaina gaskiya ce, dole a faɗa mata. Bayan kwana biyu ta sake ambatonsa, na sake faɗa. Sau nawa na kashe mata yaron nan a daminar nan, Allah kaɗai ya sani. Na sa sakata a ƙofar tsakar gida duk sanda na yi baƙi. Na hana matan maƙwabta shigowa hira don kada magana ta fita unguwa. In sunana ya suɓuce mata kuwa in buga ƙafa a ƙasa har kaji su watse.

Kafin gero ya fid da kai Innarku ta zama wata. Ta rame, hannunta yana rawa, tafinta kullum jiƙe da gumi. Abinci sai dai ta tsakura, tana yawan dafe kunci, na gani ban tambaya ba. Ta fara ɓata tsakanin ɗakinta da madafa. Abin da ya fi duka shi ne, in na dawo kasuwa na yi gyaran murya a zaure, sai in ji takun sauri a cikin gida, in shiga in same ta a tsugune bayan randa. Na ce wa kaina ciwon ne ke ƙaruwa, na ƙara wa makarantar tsawo. Sunan kuwa ta daina faɗa. Na ce to, magani ya fara ci.

A cikin wannan hali Binta ta zo daga Kurfi ta kwana biyu. Ta ga karatun safe da idonta, tana tsaye bakin madafa da ludayi a hannu. Da na tashi sai ta tare ni.

"Baba, asibiti za mu da Inna."

"Asibiti na maganin tsufa ne?"

"Ko ba ya yi, a duba mana zazzaɓin da ke jikinta. Taɓa wuyanta ka ji."

Na kai hannu, Innarku ta kauce ta runtse ido. Da na taɓa, zafi rau. A nan na tuna na fi wata ban taɓa jikin matata ba ko da hannun gaisuwa, ni da nake zama a gabanta kullum.

Likitar da muka samu mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ba za ta girmi Binta ba. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, ta leƙa bakin Innarku da 'yar fitila, muka jira har bayan azahar. Da muka koma sai ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ni ina tsaye a kanta. Ta tambaye ta sunanta. Innarku ta riƙa satar kallona. Na ce ki ba da amsa mana, ana tambayarki. Likita ta dubi na'urar, ta dube ni, ta yi rubutu, sannan ta roƙe ni in je in samo wa maras lafiya ruwa mai sanyi, ta ce kada in yi sauri. Da na dawo, tun daga ƙofa na jiyo abin da na yi wata uku ban ji ba: dariyar Innarku, tana koya wa likita yadda ake daddawa a Birchi. Ina yin sallama dariyar ta yanke. Likita ta sa Binta ta fita da ita, ta nuna mani kujera, ta juyo da takarda gabana. Layi biyu ne na lambobi.

"Na sama awon jininta ne da bugun zuciyarta kana tsaye. Na ƙasa kuma bayan ka fita da ɗan lokaci. Mace ɗaya, hannu ɗaya, na'ura ɗaya. Binta ta ce kai mai awo ne, Baba."

"Mai awo ne."

"To karanta mani."

Ban buƙaci Turanci ba. Na sama ya haye, na ƙasa ya sauko. Ta bar ni na gama kallo, sannan ta yi mani bayani a hankali, zan kuma rubuta maku shi yadda na riƙe. Ta ce abin da ke damun Innarku ciwon mantuwa ne, cuta ce a ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ce, ba iska ba ce, ba kuma raini ba ne. Ta ce ba ni na sa mata ba, kuma babu maganin da zai warkar da ita. Amma akwai abubuwan da ke iya tura ciwon gaba. Ta ce akwai wasu 'yan ƙananan halittu a saman ƙoda da ke sakin wani sinadari cikin jini in mutum ya firgita, kotisol ta kira shi. Rahama ce daga Allah, da shi da 'yan'uwansa ke ba mutum ƙarfin tsalle in ya taka maciji a gona, in macijin ya wuce kuma sai ya sauka. To in mutum ya wayi gari cikin firgici ya wuni a cikinsa, yau da gobe, sinadarin ba ya samun sauka, sai ya riƙa gajiyar da sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sababbin abubuwa. Wannan sashen kuma yana cikin masu ce wa jiki ya isa haka. In ya raunana babu mai tsawatarwa, sai abu ya riƙa ƙara wa kansa wuta.

Sannan ta ɗauko takardar gwajin jini. Ta ce akwai wata alama a ciki da ke nuna garkuwar jikin Innarku a tashe take tana yaƙi, kumburi ne irin wanda ido ba ya gani. Ta gano dalili biyu, ƙwayar cuta a mafitsara da ruɓaɓɓen haƙori a can ƙurya.

"Garkuwar jiki kamar 'yan sintiri ne, Baba. In ɓarawo ya shigo suna da rana. Amma in suka wuni suka kwana suna harbi babu tsayawa, gidan da suke gadi ma yana shan wuta. A tsoho mai irin wannan ciwo abin yana ƙara ruɗewa, doguwar damuwa kuma tana rikita su 'yan sintirin. Ba zan yi maka ƙarya ba, masana ba su gama sanin wanne ke jan wanne ba. Haƙori da mafitsara dai nawa ne, zan yi maganinsu. Tsoro kuwa ba ni da ƙwayarsa. A gida ake maganinsa."

"Yarinya, shekara arba'in ina riƙe da matar nan."

"Na sani, Baba. Shi ya sa muryarka ta fi ta kowa nauyi a jikinta. Abin da ka ce za ta manta kafin ka kai zaure. Yadda ta ji ne yake zama."

Ina so in ce maku na yi godiya, amma ban yi ba. Na fito zuciyata tana tafasa, wai yarinya sa'ar ɗiyata ta zaunar da ni ta nuna mani ni ne macijin gonar. A ƙarƙashin wani dalbejiya a harabar asibitin na tarar da su, Binta ta riga ta shigar da Innarku motar haya. Ta zo gabana ta durƙusa a cikin ƙasa, mutane suna wucewa.

"Baba, alfarma nake nema. Zan wuce da Inna Kurfi."

"Da izinin wa?"

"Naka nake roƙo."

"Ban ba ki ba."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, idonta ya yi ja.

"To ka yafe mani, Baba, zan tafi da ita haka nan. In zunubi ne na ɗauka. Ɗazu da safe ta riƙe mani zane ta ce in ɓoye ta kafin mai tambaya ya dawo."

Mai tambaya. Sunan da na saya wa kaina ke nan a madadin wanda na hana ta. Maimakon in ji kunya sai na ce wa Binta in ta tafi da ita kada ta sake tako mani gida. Ta ce to, ta tashi ta kaɗe zanenta. Motar ta fita, Innarku ko waiwaye ba ta yi ba, wasu awaki take kallo a bakin hanya.

A ranar na kira ka a waya, Lawal. Na ce maka ƙanwarka ta ɗauke mahaifiyarku ba da izinina ba don ta nuna wa duniya na kasa, na ce mijinta ke zuga ta, shi da bai ma san an je asibiti ba. Ban ambaci makarantar safe ba, ban ambaci bayan randa ba, ban ambaci layi biyun nan na likita ba. Kai kuma saboda kishin ubanka ka kira ta ka faɗa mata maganganun da har yau suke tsakaninku, ƙannenku suka bi bayanka. Ita ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba, domin kare kanta yana nufin tona ni. Ba ka yi laifi ba, abin da ubanka ya auna maka ka ɗauka, tiyar ce ta ha'inci. In ka gama karanta wannan ka tafi Kurfi da ƙafarka. Ban ce ka buga waya ba.

Na yi sauran damina ni kaɗai a gidan, ina cin abincin saye, ina gaya wa masu tambaya an kai ta canjin wuri. Girman kai ya riƙe ni har aka yanke gero aka fara kawo sabo kasuwa. Wata ranar kasuwa wani mutumin Rawayau ya sauke mani buhu biyu daga kan jaki. Muna cikin magana ya ɗaga hannu zai gyara hula, hula kawai, sai jakin ya kautar da kai ya runtse ido. Na tsaya da tiya a hannu, hatsi yana zuba a ƙasa ban sani ba. Na san wannan runtse idon. Na ce wa Alhaji Mamman ya duba mani rumfa, na hau babur ɗin haya zuwa Kurfi da ƙurar dawa a rigata.

Binta ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu lafiya. Ba ta tuna mani abin da na ce ba. Sai da na sha ruwa ta yi magana.

"Baba, gidanka ne, amma ina da roƙo. Kada ka tambaye ta komai, ko da tambayar ko ta gane ka ce. In ta ce yau Sallah ce, ka ce Allah ya maimaita mana. In ta nemi Aminu, yana barci. Gyaran muryar nan kuma ka bar shi a nan zaure."

"Ƙarya za ki koya mani da tsufana?"

"Ai barcin yake, Baba."

Na same ta a inuwar mangwaro a kan tabarma, faifai a cinya tana tsintar wake. Ta ciko, kumatunta sun dawo. An cire haƙorin, ta gama shan maganin mafitsara, Binta ta ce da suka koma aka sake gwaji alamar nan ta cikin jini ta sauko, kuma tana barci kamar jaririya. Matan gidan suna kewaye da ita, kowa ta zo wucewa sai ta tsokane ta ta rama. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na zauna a ƙasa gefen tabarmar, na yi sallama da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta ɗago ta daɗe tana kallona. Na jira ta zabura. Ba ta zabura ba.

"Maraba da baƙo. Daga ina?"

"Daga Dutsin-Ma."

"Ayya, ka sha hanya. Binta, kawo wa bawan Allah ruwa mana, kin bar shi a ƙasa."

Duk hanya addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa kada ta ji tsorona. An amsa mani. Ba ta tsorona, domin ba ta san ni ba. Sule ya tafi, Malam ma ya bi shi. Na tashi na koma zaure na yi kukan da ban yi ba ranar da na binne mahaifina.

Daga nan na riƙa zuwa sau biyu a mako, ina kai mata dabino mai taushi don haƙoranta, har ta sa mani suna mai dabino. Ƙwaƙwalwar ba ta dawo ba, kada wani ya gaya maku ta dawo. Ta ci gaba da tafiya, sai dai a idona tafiya take ba gudu ba, ban kuma isa in ce maku ga rabon magani ga rabon kwanciyar hankali ba. Abin da na sani shi ne hannunta ya daina rawa. Na zauna kusa da ita fiye da shekara ina saurare, na ji labaran Birchi da ban taɓa ba ta lokacin da za ta ba ni ba. Amma abu ɗaya yana cina. Mu duka mun tsufa, ban san wanda zai riga wani ba, ga shi ban nemi gafararta ba. Ta yaya za ka nemi yafiyar wadda ba ta san ka ba? In na ce mata ni ne, ina tsoron in tayar mata da mai tambaya. In na yi shiru, in tafi kabari da haƙƙinta.

Makonni kaɗan kafin rasuwarta, wata rana bayan azahar, tana tsintar wake, Binta na gefe tana ninke wanki, sai ta dube ni.

"Mai dabino, ka ce daga Dutsin-Ma kake ko? Halan ka san mai gidana. Yana awo a kasuwa."

"Na san shi."

"Yana cin abinci kuwa? Ba ya son tuwo ya kwana, ba kowa ya sani ba."

"Yana ci. Ya dai tsufa."

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Faɗa ya koya da girma. Da ba haka yake ba."

Na dubi Binta. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta gyaɗa mani kai.

"Ai saƙonsa na kawo maki. Ya ce in roƙar mashi gafara. Ya ce ya zalunce ki, ya tsorata ki a gidanki, kuma ba ki yi mashi komai ba."

Ta ci gaba da tsinta kamar ba ta ji ba, har na ɗauka maganar ta zube. Can sai ta ce:

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Ta yi 'yar dariya. "Lalle ya tsufa."

"To me zan ce mashi?"

"Ka ce na yafe, duniya da lahira. Ni ma ya yafe mani. Ai ba mugunta ba ce. In ya tsorata ne yake faɗa, tun yana yaro haka yake." Ta nuna ni da ɗan yatsa. "Amma kada ka gaya mashi na ce matsoraci ne. Zai ji kunya."

Maganar cewa ni ne mai gidan nata ta zo mani har bakin harshe, na haɗiye ta. Ban sani ba ko gafarar da aka ba ɗan aike tana isa ga mai laifi, wannan na bar wa Allah. Na ce mata ba zan gaya mashi ba.

Ta turo faifan tsakaninmu.

"Tunda ka zauna, taya ni. Masu huji za ka fitar, kada ka zubar mani da masu kyau."

Na matso kan tabarmar, ba ta ja baya ba. Muka yi ta tsinta, ni da ita, har aka kira la'asar.